Ranar da Don Fulgencio Ya Ɗauko Kek ɗin Amarya

"Ni da hatsarin mota sai dai hange daga nesa," in ji Don Fulgencio Ticona, yana ɗaga ɗan yatsa kamar mai shirin rantsuwa a kotu. "Ya san ni, na san shi. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta tarihinsa. Babu ƙofar da zai biyo ya same ni ban riga na kulle ta ba."

Kada ka yi saurin cewa ƙarya ya shara, abokina, don rabin maganar gaskiya ce. Shekara talatin da ɗayan nan ya yi su cif a bakin titi, gaban ofishin 'yan sandan hanya na La Paz, da ɗan teburinsa da lemarsa da wata tsohuwar tafireta mai ƙara kamar ana daka. Duk wanda ya yi karo, ko aka yi karo da shi, gabansa yake zuwa ya tsaya da hula a hannu ya faɗi yadda aka yi, shi kuma ya buga masa takardar bayani, ya haɗa masa da wa'azi kyauta. Rabin da ba ya faɗa shi ne, a duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sai da ya ajiye aiki sannan ya je ya koyi tuƙi a wani shimfiɗaɗɗen fili can saman El Alto, inda babu abin da mutum zai buge sai iska. A zuwa na huɗu aka ba shi lasin, masu baki suka ce don an gaji da ganinsa ne.

Tun daga ranar, duk wanda ya zauna cin abinci da shi sai ya haɗa da karatu. Gudu, amsa waya, kwana ba sigina, waige-waige, rigima da hon, gilashi mai datti, haka zai riƙa jero su yana buga cokali a gefen kwano. "Direbobin garin nan jakuna ne masu lasin," yakan ce. "Ba mota ke yin hatsari ba, wanda ke ciki ne."

Sai ya sayi mota. Tsohuwa ce, 'yar Japan, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Chile da sitiyari a dama, makanikanmu su cire shi su dasa a hagu. Ka san aikin nasu. Sitiyarin ya yi ƙaura, amma agogon gudu yana nan inda Japanawa suka bar shi, a gaban kujerar fasinja. Sandar sigina da ta waifa kuwa kowace tana gefen da ba a saba ba. Mai sayarwa ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, Don Fulgencio ya ɗaga masa hannu ya ce ya adana bayaninsa ga 'yan koyo.

Ita kuwa matarsa, Doña Basilia, mai sayar da mayafai a kasuwa, ba motar ce a ranta ba. Ranar Asabar za a ɗaura auren Nélida, 'yar marigayiya ƙanwarta, kuma da aka raba hidimar biki, wannan ya ɗauki makaɗa, wancan ya ɗauki zobe, ita ta ɗauki kek. Ba don neman suna ta ɗauka ba. Tun ƙanwar tana gadon asibiti Doña Basilia ta riƙe hannunta ta yi mata alkawari cewa ranar auren yarinyar nan babu wanda zai lura babu uwa a wurin. Wata uku tana zirga-zirga wurin mai kek suna gardama a kan hawa nawa za a yi da irin furen da za a ɗora. In kek ɗin nan bai isa ɗakin biki lafiya ba, Doña Basilia ba za ta sake iya kallon idon Nélida ba, kuma ta san haka.

Shi ya sa ranar Juma'a da yamma ta kira maƙwabcinsu Don Zenobio, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙa tasi bai taɓa taka ko wutsiyar kare ba.

"Ba komai, Doña, ni zan ɗauko," in ji Don Zenobio. "A hankali zan tafi da shi kamar ƙwai."

Don Fulgencio ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Basilia, mutuwa na yi?"

"Wa ya ce ka mutu?"

"To in ban mutu ba, yaya za a yi mota tana ƙofar gidana, lasin yana aljihuna, a ɗauko kek ɗin 'yarmu a motar haya? Me dangin ango za su ce? Ko ba ka tuna ba, Zenobio, wa ya buga maka takarda ranar da bas ta goge ka a dandalin Pérez?"

"Kai ne, mutumina. Amma ina tsaye ta same ni."

"Da ka san inda ake tsayawa, da ba ta same ka ba."

Doña Basilia ta dubi mijinta. Shekara arba'in suna tare, ta san in aka hana shi wannan, fushin zai kai har bikin suna. Kuma, a faɗi gaskiya, ta ɗan tausaya masa, don tun da ya bar teburinsa babu mai zuwa ya tsaya gabansa da hula a hannu. Ta yi ajiyar zuciya.

"Ka ɗauko. Amma ni zan riƙe shi a cinyata. Kuma Fulgencio, in fure ɗaya ya faɗi..."

"Ko ƙuda da ke kansa ba zai san an yi tafiya ba," in ji shi.

Asabar da sassafe ya fito da motar don a sa mata albarka, tunda wannan ce fitarta ta farko a hannunsa. Kowa yana yin haka, amma kowa da iyakarsa. Don Fulgencio bai san iyaka ba. Ya zagaye gilashin gaba da furanni, ya naɗe madubai da zaren takarda mai launi, ya ɗaura wata 'yar hula a bisa rufi. Sannan ya girgiza kwalbar barasa ya zuba wa kowace taya rabonta don ƙasa ta sha, sauran kumfar ya fesa ta a kan gilashi tun daga wannan gefe har wancan. Kafin ta bushe ya watsa ɓarɓashin takarda cike da hannu biyu, suka manne ɗam kamar riɗi a kan alewa.

Don Zenobio, da ya fito da tsumma a kafaɗa zai wanke tasinsa, ya tsaya yana kallo.

"Mutumina, ga tsumma. Ka goge gilashin nan kafin rana ta gasa shi."

"Ba a goge albarka."

"Ba a goge ta, gaskiya ne. Amma mu a taya muke zubawa, ba a ido ba."

"Shi ya sa har yau kake tuƙa tasi," in ji Don Fulgencio, ya gyara ɗamarar wuyansa.

Zuwa wurin mai kek bai zama abin labari ba, don titin miƙaƙƙe ne, kuma da safe babu kowa a kansa sai wani kare da ya yi wayo ya hau dakali. Mutum uku suka fito da kek ɗin, hawa biyar, a cikin wani dogon kwali. Doña Basilia ta shiga kujerar baya ta baza siket ɗinta, aka ɗora mata kwalin a cinya. Daga cinyarta har rufin mota kwali ne. Ta rungume shi da hannu biyu, ta manna kumatunta a jikinsa, hularta ta karkace. Ba ta ganin titi, ba ta ganin mijinta, sai dai muryarta ta fito daga bayan kwali kamar mai magana daga cikin rijiya.

"A hankali, tsoho."

"Ki yi barci ma in kina so."

A kwana ta farko aka fara. Don Fulgencio, mai bin doka, ya kai hannun hagu ya danna sanda don ya ba da sigina. Sigina ba ta zo ba. Waifa ce ta tashi, ta ɗebi busasshiyar barasa da ɓarɓashin takarda da ganyen fure ta shafe gilashin da su daga gefe zuwa gefe. Ya sake dannawa don ya kashe, ta ƙara sauri. Kafin ya gano inda ake kashe ta, gilashin ya koma kamar an shafa masa kunu, sai wata 'yar kafa da ta rage a tsakiya wadda ba ta fi tafin hannu ba.

Direban wata ƙaramar bas da ya kusa shigewa cikinsa ya leƙo ta taga. "Baba, mu dai ba mu ga hadari ba. Kai kaɗai ake yi wa ruwa?"

"Ka je ka koyi ba da tazara, jahili," in ji Don Fulgencio.

"Mene ne?" in ji murya daga bayan kwali.

"Wani ɗan koyo ne. Na yi masa gyara."

Daga nan ya fitar da kai ta taga ya ci gaba da tuƙi, kunne ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ya yanke shawarar ba zai sake ba da sigina ba, tunda motar ba ta da tarbiyya, amma hannunsa ya riga ya saba. Duk kwana sai ya danna, duk dannawa sai waifa ta ƙara shafa wani kunun. A kwana ta uku ma 'yar kafar ta rufe.

Suna shiga babban shataletale wayarsa ta fara ruri a aljihun kwat. To a nan fa dole in yaba masa, don mutum ne mai riƙe ƙa'ida. Ya sha faɗa cewa ba a amsa waya ana tuƙi, kuma bai amsa yana tuƙi ba. Birki ya taka, ya tsaya cak a tsakiyar shataletalen, sannan ya ciro wayar.

Ƙaramar bas ɗin nan tana bayansa har yanzu. Direban ya taka nasa birkin iya ƙarfinsa, amma sai da hancin bas ya sumbaci bambar Don Fulgencio. Motar ta yi tsalle gaba taku ɗaya. A baya aka ji wani abu ya ce "shhf" a cikin kwali, Doña Basilia ta kira sunan waliyyai uku a jere.

"Fulgencio, ya motsa. Na ji shi ya motsa."

"Rami ne. Ki yi shiru ina waya." Uwar ango ce, tana tambayar ina kek. "Muna hanya, Doña, kada ki damu. Yana hannun ƙwararru."

Kafin ya kashe wayar, shataletalen ya cika maƙil, hon ta kowace kusurwa kamar ranar cin kofi. Direban bas ya sauko yana naɗe hannun riga, ya zagayo, ya leƙa ya ga tsohuwa rungume da kwali tana addu'a, ya dubi gilashin, ya dubi hular da ke kan rufi. Fushin ya fita daga jikinsa gaba ɗaya.

"Mama," ya ce ta taga, "wannan mijinki ne?"

"Shekara arba'in, ɗana."

"Allah ya ba ki lada." Ya juya ga Don Fulgencio. "Baba, tafi. Ba na son komai. Ka dai faɗa mini titin da za ka bi, don in bi wani."

Don Fulgencio ya ja mota yana gaya wa kwalin cewa yaron ya gane laifinsa ne shi ya sa ya yi laushi.

Ɗakin bikin yana can ƙasan gari, kuma da babban titi a buɗe yake da an isa cikin minti goma. Amma Asabar ce, kuma a garin nan babu Asabar da wata ƙungiyar 'yan rawa ba ta tare titi tana gwaji. Ga su nan kuwa, mata da siket masu sheƙi sun jeru layi-layi, maza suna tafe da taku mai nauyi, a bayansu makaɗa kusan sittin da kakaki da manyan ganguna. Masu hankali suka kashe mota suka sayi abin taɓawa suna jira. Don Fulgencio ya ce shi ba ya jiran kowa.

"Akwai wani ɗan titi nan hagu da yake sauka kai-tsaye har ƙofar ɗakin bikin," ya ce da ƙarfi don matarsa ta ji. "Na san shi kamar tafin hannuna."

"Ka taɓa bin sa?"

"Na buga sunansa a takarda ya fi sau ɗari."

Bai tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa sunan titin yake yawan zuwa teburinsa ba. Ya danna waifa, ya karya kwana.

Titin na duwatsu ne, matsattse, ga gangara. Motoci suna fake a gefe ɗaya, kowace da dutsenta a gaban taya, wasu ma biyu. A ɗaya gefen akwai wata doguwar magudanar ruwa marar zurfi da ta bi titin har ƙasa. Motar ta fara sauka tana kakkarwa a kan duwatsu, kwalin yana rawa, kiɗan makaɗa yana biyo su ta tsakanin gidaje har gilashi yana amsawa.

"Gudu kake yi," in ji Doña Basilia.

"Ba gudu nake ba."

"Ina jin shi a cinyata. Gudu kake yi, tsoho."

A duniya babu zargin da ya fi wannan yi wa Don Fulgencio ciwo. Shi, a ce yana gudu? Sai ya kafa mata hujja da lamba. Amma agogon gudun yana can gaban kujerar fasinja, inda babu kowa sai furen da ya faɗo. Ya janyo kansa daga taga, ya miƙa wuya dama, bai gani ba. Ya ƙara miƙawa, ya kwanta rabi a kan kujerar, hannunsa riƙe da sitiyari. Inda jikinsa ya tafi, nan sitiyarin ya bi. Tayoyin dama suka faɗa cikin magudana, madubin gefe ya gaisa da turken fitila, ya ce ƙwas, ya tsaya a can.

Ya taka birki. Allah ya taimake shi daidai lokacin manyan ganguna suka buga tare, ƙarar ta haɗiye komai.

"Me ya sa muka tsaya?" in ji kwali.

"Ina ba wata tsohuwa hanya."

Ya zauna yana tunani. In Basilia ta ji an rasa madubi, Zenobio zai ji, in Zenobio ya ji, unguwa ta ji. Amma madubin yana nan baya kaɗan, taku goma, yana walƙiya a ƙasa. Zai fita a ɓoye ya ɗauko ya cusa a kwat, gobe ya ce ɓarayi ne suka cire a wurin biki. Ya cire motar daga giya, ya ja birkin hannu har ya yi ƙara, ya buɗe ƙofa a hankali, ya zare jikinsa, ya mayar da ita ba tare da ta yi motsi ba. Injin ya bar shi yana aiki don kada Basilia ta gane. A cikin duk abubuwan da ya yi a ranar, wannan ne kaɗai ya yi da gwaninta.

Ya ɗauki madubin ke nan sai ya ji an ce, "Baba, ga dutse."

Wata tsohuwa ce zaune a bakin ƙofa tana sayar da dafaffiyar masara da cuku. Da ƙafa ta turo masa wani dutse mai kusurwa, wanda ya yi sulɓi don yawan aiki.

"Na me?"

"Na taya. Ba a barin mota a titin nan ba dutse."

Da ya karɓa ya sa, da labarin ya ƙare a nan, kuma da ban ɓata maka lokaci ba. Amma an daɗe ba a ba Don Fulgencio damar yin wa'azi ga wanda ba zai iya tashi ya gudu ba. Ya juya wa motar baya, ya gyara tsayuwa.

"Inna, dutse na mutanen da ne. Injiniyoyi sun zauna sun ƙera abin da ake kira birkin hannu. Waya ce ta ƙarfe, tana kama tayoyin baya ta riƙe su gam. Ni da kike gani, shekara talatin da ɗaya..."

"Titin nan ba ya jin birkin hannu, Baba. Dutse yake ji."

"Wannan shi ne irin tunanin da ya hana ƙasar nan ci gaba. Bari in yi miki bayani dalla-dalla. Abu na farko..."

Tsohuwar ba shi take kallo ba. Bayan kafaɗarsa take kallo, tana ɓare masara a natse.

"Baba," ta ce, "motarka dai ta gaji da bayanin."

Ya waiga. Motar ta riga ta yi nisan gida biyu, tana tafiya a hankali da hularta a ka, zaren takarda yana kaɗawa, kamar wadda ta tuna tana da alkawari.

Abin da ya ji a ƙirjinsa a lokacin ba abin dariya ba ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ba kek ya tuna ba, ba madubi ba. Basilia ya tuna, tana can ciki rungume da kwali, ba ta san komai ba. Ya buɗe baki ya kira sunanta, kakaki sittin suka danne muryar. Sai ya zuba da gudu.

Mutum mai shekara sittin da biyar, da kwat da takalmin biki, a garin da ke can ƙololuwar duwatsu, inda ko matashi in ya hau bene biyu sai ya nemi iska, ka san irin gudun da zai yi. Hularsa ta tafi a taku na biyar. Yana gudu yana haki, madubi a hannu, duk ɗaga hannu sai ya ga fuskarsa a ciki, ja wur, baki buɗe.

Motar kuwa, tayoyinta na dama suna cikin magudana, magudanar tana riƙe da ita kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Birkin hannun bai riƙe ta ba, amma bai sake ta gaba ɗaya ba, yana jan ta yadda ba ta wuce saurin mai keke. Ba ta karkata hagu, ba ta karkata dama. Ba hon, ba waifa, ba zagi. Wani mai ɗauke da buhun dankali ya tsallaka gabanta ya wuce lafiya, har ya ɗaga mata hannu. Da ta iso mahaɗa ta farko danja ta ba da kore daidai isowarta. A ta biyu wata 'yar sanda mai ba da hannu ta hango furanni da hula, ta ɗauka motar amarya ce, ta tsayar da kowa ta ba ta hanya tana murmushi. Gilashin ya yi kunun da ba wanda zai ga ko akwai direba ko babu.

Da Don Fulgencio ya iso mahaɗar, 'yar sandar ta hura masa usur.

"Baba, ba a tsallaka titi da gudu. Jira a ba ka hannu."

"Motata... matata..."

"Ko wace ce, za ta jira. Koma kan dakali."

Ya koma kan dakali, yana kallon hular motar tana ƙanƙancewa.

A can ƙasa titin yana yin ɗan kwari kafin ya sake hawa, kuma ɗakin bikin a cikin kwarin yake. Motar ta gangaro, ta wuce ƙofar kaɗan, ta fara hawan tudun gaba, ƙarfinta ya ƙare, ta dawo da baya a hankali, ta sake yin gaba taku biyu, ta tsaya. Daidai bakin jan kafet ta tsaya, ƙofar baya tana kallon ƙofar shiga, kamar an auna da igiya.

Dangi suna tsaye a waje suna jira, suka sa tafi. Don Zenobio, wanda tun ɗazu yake safa da marwa yana duba agogo, shi ya buɗe ƙofar baya. Shi da wasu mutum biyu suka zare kwalin suka kai kan tebur a bakin shiga, aka yanke igiya, aka buɗe. Hawa biyar suna nan a tsaye. Furanni suna nan. Ɗan mutum-mutumin ango ne kawai ya ɗan jingina da kafaɗar amarya, mata suka ce ai haka ya fi kyau.

Nélida ta fito da farar rigarta ta tsaya tana kallon kek ɗin, sannan ta rungume Doña Basilia ta ce, "Inna, irin furen da Mama take so ne." Doña Basilia ta ƙanƙame ta. Ta yi kukanta mai isarta, ta share ido da gefen mayafi, ta gyara hularta. Da zuciyarta ta sauka, sai ta ga ya kamata ta yi adalci.

A daidai lokacin ne Don Fulgencio ya iso bayan taron, ba hula, ɗamarar wuya a kafaɗa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Numfashi ya hana shi magana. Ya hango Basilia a tsaye lafiya, ya dafa bango. Sai ya ji muryarta tana tashi.

"Jama'a, ku saurara, zan faɗi gaskiya a gaban kowa. Na raina mijina, kuma da farko ya ba ni dalili, don tun daga shagon kek hanjina yake a wuya. Amma gangaren nan na ƙarshe, ban taɓa shiga motar da aka tuƙa haka ba. Ba fizga, ba birki, ba faɗa da kowa. Ko uffan bai ce ba, Zenobio, ka ji, Fulgencio bai ce uffan ba tun daga sama har ƙasa. Kai ma ba ka iya wannan ba." Ta ƙwanƙwasa gilashin direba. "Fito, tsoho, fito a gan ka."

Ba wanda ya fito. Don Zenobio ya buɗe ƙofar. Kujera ce kawai, da fure ɗaya a kanta, injin yana ta aikinsa.

Jama'a suka leƙa suka gani. Sannan mutane suka fara darewa biyu, ɗaya bayan ɗaya suna waigawa, har hanya ta buɗe tsakanin Doña Basilia da mutumin da ke jingine da bango da madubi a hannu.

Ta dube shi daga kai har ƙafar da ba takalmi. Ta dubi kujerar. Ta dubi dogon gangaren da ta sauko.

"Wa ya tuƙo ni?"

"Babu kowa, Doña," in ji Don Zenobio a hankali.

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Don Fulgencio kuwa ya haɗiyi iska, ya miƙe, ya cusa madubin a aljihu rabinsa a waje, ya ɗaga ɗan yatsa.

"Ni na... saita ta," ya ce. "Tun daga sama. Lissafi ne. Ba kowa ne zai gane ba."

Doña Basilia ta gyaɗa kai, ta tako har gabansa, ta gyara masa ɗamarar wuya, ta kakkaɓe masa kafaɗa, yadda ta saba yi shekara arba'in.

"Ka kyauta, tsoho," ta ce, kowa yana ji. "In an tashi biki ka sake saita ta, sai ka biyo mu a ƙafa. Tun safe nake cikin motar nan, ba ta yi hankali ba sai da ka fita."